Neman Ubangidan Ƙwarai a Kasuwar Jidda

Zancenmu na yau a kan matashin nan ne wanda ya gaji da jiran aikin albashi, ya ƙudura a ransa ciniki zai kama na kansa, yana kuma neman wanda zai riƙe hannunsa har ƙafarsa ta yi ƙwari. Na ga ya kyautu in kafa zancen a birnin Jidda, domin gari ne da Bahaushe ya daɗe da saninsa, ko a Kano yake zaune, ko Maraɗi, ko Kumasi, ko Hartum. A can kuma ana iya ganin wannan al'amari a sarari, da kyakkyawansa da mummunansa.

Malaman ilmin ciniki na makarantun zamani suna ta ɗaga maganar mai nuna wa sabon shiga hanya, sai ka ce jiya aka gano shi. Mu kuwa sunayensa ma sun yi mana yawa. Ubangida ne, maigida ne, uban ɗaki ne. In mace ce, uwar ɗaki. Zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja su sayo goro, da igiyar jaki yaro yake fara fatauci, jari sai can baya. Yana bin madugu shekara da shekaru, yana ganin yadda ake shiryawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, yadda ake zaɓen wurin sauka, yadda ake gane goron da sankara ta kama. In ayari ya sauka baƙon gari, ga fatoma nan, watau mai masauki, wanda zai ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi, ya ɗauki la'adarsa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, ya rasu a Kano cikin 1955, daga irin wannan gida na Agalawa ya fito. Tattaɓa-kunnensa ma, Aliko Ɗangote, a hannun kawunsa ya fara, da rancen da ya karɓa cikin 1977.

To, ita Jidda fa? Halifa Usman ɗan Affan ne ya mai da ita mashigar Makka ta ruwa cikin shekara ta 26 bayan Hijira, watau wajen 647. Da aka buɗe mashigin Suwez cikin 1869, jiragen ruwa masu tururi suka riƙa tsayawa a bakinta, attajirai daga Indiya, da Farisa, da Masar, da Sham suka gina dogayen gidajen nan masu tagogin katako da har yanzu ake gani a tsohon gari, wanda suke kira Balad. Kakanninmu ma sun iso, waɗanda ake ce wa 'yan Takari, bayan sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wani ya shekara biyar a hanya, wani goma, yana noman ƙodago yana tara kuɗin jirgi. Zuriyarsu tana nan, da yawa sun zama 'yan ƙasa, shi ya sa za ka ji ana kiran wani Hausawi, wani Barnawi, wani Fallata.

Amma a cikin baƙin da suka kafa kasuwar Jidda babu waɗanda suka ƙware wajen renon yaran ciniki kamar mutanen Hadaramaut, a kudancin Yaman. Su ne masu sunayen nan da ke farawa da Ba ko Bin, irin su Ba'ishin da Bin Zagar. Al'adarsu ita ce a ɗauko yaro daga ƙauye tun bai balaga ba, a damƙa shi ga ɗan'uwa mai kanti. Shi ne mai shara, shi ne ɗan aike, a kantin yake kwana. Ladansa kuwa sau da yawa a hannun maigida yake taruwa, har ranar da za a ce ya isa a sa shi cikin riba.

Sanannen misali shi ne Salim ɗan Ahmad bin Mahfuz. Yana yaro ya baro Hadaramaut, bai yi karatun makaranta ba, ya sami shiga wurin mutanen gidan Ka'aki, masu canjin kuɗi a Makka, yana yi musu hidima. A wancan zamani ƙasar ba ta da kuɗin takarda. Sai cikin 1953 hukumar kuɗi ta fara buga wasu takardu domin sauƙaƙa wa alhazai ɗaukar guzuri, su ne kuwa suka zama mafarin takardar riyal. Kafin nan kowane alhaji da irin tsabar da ya ƙullo: wannan fam na zinariya na Ingila, wancan rufi na Indiya, wani kuma azurfar nan mai kan mace wadda kakanninmu ke kira liyari. Tilas mai canji ya san nauyin kowace, ya gane ta jabu daga ƙararta, ya kuma san lokacin da farashi zai motsa domin jiragen alhazai sun kusa. Wannan ilmi a gefen tebur ake ɗaukarsa, da ido da kunne, sai kuwa in mai teburin ya yarda ka matso. Da tafiya ta yi nisa yaron gida ya zama abokin tarayya, sunansa ya hau allo tare da na iyayen gidansa. Cikin 1953 aka ba kamfanin izni ya zama banki, wanda aka sani da Bankin Ahli, babban ofishinsa a wancan lokaci yana Jidda. Cikin 2021 aka haɗe shi da bankin Samba, aka sami banki mafi girma a ƙasar.

Masu ba da labarin nan sukan tsaya a kan hazaƙar yaron. Ni kuwa iyayen gidan nake kallo. Sun ga yaronsu yana tasowa, har ya kai ga yin kafaɗa da su, ba su danne shi ba. A nan nake so mu ɗan dakata, domin a ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowane amfani ga mai neman ubangida. Kada ka fara da tambayar motoci nawa gare shi, ko rumfuna nawa. Tambayi mutum nawa ya yaye. Ina yaran da suka yi masa hidima shekara goma da suka wuce? In an nuna maka su, wannan da kantinsa a Bab Sharif, wancan yana aika kaya Kantin Kwari, kuma har yau suna zuwa gaishe shi ran Jumma'a, to ka sami mutum. In kuwa ka tarar da dattijo mai furfura yana ɗauke masa jaka, aka ce maka tun yana saurayi yake nan, to ka ga gobenka a tsaye, sai ka yi shawara.

Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya zauna da alhazan Maraɗi ya rubuta littafi a kansu cikin 1986. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne abin da su da kansu suke kira arzikin mutane, watau ana auna attajiri da yawan barorin da ke ƙarƙashinsa, waɗanda yake ba kaya su kai kasuwannin ƙauye. Gaskiya ne, tsarin ya ɗaga mutane da yawa. Amma yana da rami a cikinsa. Tun da yake yawan barori shi ne girma, akwai ubangidan da ba ya son ko ɗaya ya fita. Zai yi maka aure, ya raɗa wa ɗanka suna, ya ɗinka maka rigar salla, watakila ma ya biya maka kujerar Makka, amma ba za ka taɓa sanin wurin wanda yake sayen kaya ba, balle nawa ya saya. Wannan alheri ne, ban ce ba alheri ba ne, sai dai mai son ya tsaya da ƙafarsa ba shi ya zo nema ba. A wannan wuri maƙwabtanmu Ibo sun yi mana zarra. Yaro zai shiga hannun maigida a Onica ko Aba a kan sanannen wa'adi na 'yan shekaru, iyaye sun shaida, in wa'adi ya cika a sallame shi da jari. Maigidan da ya ƙi sallamar yaronsa, kasuwa duka za ta ji. Mu kuwa kunya ta hana mu yanka rana, sai a ce ai ɗa ne, a bar wa Allah.

Yanzu bari mu zo ga Jidda ta yau, inda kuskuren zaɓen ubangida ya wuce ɓata shekaru, yana iya kai mutum kurkuku. A dokar Sa'udiyya baƙo ba ya buɗe kasuwanci na kansa sai da iznin zuba jari, ko wata takardar zama ta musamman da aka fito da ita cikin 2019. Shekaru da yawa mutane suna kewaye wannan ta wata hanya da Larabawa ke kira tasattur, watau rufa-rufa: ɗan ƙasa ya ba da sunansa da takardar rajistarsa, baƙo ya zuba kuɗi ya yi wahala, kowane wata ya miƙa wa mai suna wani abu. Cikin 2020 aka yi sabuwar doka a kan wannan. Hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5, da tara har riyal miliyan 5, da ƙwace abin da aka samu ta wannan hanya, da rufe kanti. Baƙo kuma a kore shi daga ƙasar. Wanda ya kai rahoto ana iya ba shi har kashi 30 cikin 100 na tarar. An ba da wa'adi kowa ya gyara takardunsa, wa'adin ya ƙare a farkon 2022.

Ga yadda abin yakan zo wa sabon shiga. Wani mai fara'a zai karɓe ka hannu bibbiyu, ya ce ai shi ya san gari, kawo abin da ka tara a buɗe kanti da sunan wani amininsa, kai dai ka riƙe mabuɗi. Ranar da kanti ya fara kawo riba, mai suna yana iya zuwa ya ce nasa ne, a takarda kuwa nasa ɗin ne. Ina za ka kai ƙara, alhali kai ma mai laifi ne a idon doka? Wanda ya shigar da kai kuwa ya riga ya karɓi la'adarsa daga ɓangare biyu. Saboda haka duk wanda darasinsa na farko shi ne yadda za a kauce wa hukuma, dillali ne, ko da ya kira ka ɗansa. Haka kuma wanda zai ce ga 'yar jaka ka riƙe masa daga Kano ko Yamai, alhali ba a gabanka aka ɗaure ta ba. A ƙasar nan hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa.

Akwai kuma dattijon kirki, mai amana, wanda saninsa ya tsaya a zamanin da ya wuce. Shi ba zai cuce ka ba, amma yana iya tura ka sana'ar da aka riga aka rufe. Tun 2016 aka keɓe wa 'yan ƙasa aikin sayar da wayar hannu da gyaranta, daga baya aka bi da kantunan zinariya da wasu sassan sayar da kaya. Harajin da ake ɗorawa a kan saye da sayarwa ya fara da kashi 5 cikin 100 a 2018, ya koma kashi 15 a tsakiyar 2020, kuma tun ƙarshen 2021 ana bukatar a fitar da rasiti ta na'ura. Wanda ya saba lissafi a bayan kwalin sabulu, in bai bi waɗannan ba, ribar da zai ƙididdige maka ta baki ce. Shi ya sa nake ganin matashin yau iyayen gida biyu yake bukata. Ɗaya ya koya masa mutane: wa ake ba bashi, wa ake yi wa murmushi a hana shi. Ɗaya kuma ya koya masa takarda.

Na takarda ya fi sauƙin samu. Majalisar 'yan kasuwa ta Jidda, wadda aka kafa cikin 1946, ita ce mafi daɗewa a ƙasar, tana shirya tarurruka da horo. Cikin 2016 gwamnati ta kafa hukumar Munsha'at domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, tana haɗa masu tasowa da mashawarta. Gidan Abdullaɗif Jamil, wanda ya fara ciniki a Jidda cikin 1945 ya zama wakilin motocin Toyota cikin 1955, shi ma ya kafa shirin Bab Rizƙ Jamil domin sama wa matasa abin yi. Sai dai in faɗa muku, yawancin waɗannan ƙofofi domin 'yan ƙasa aka buɗe su. Jikan 'yan Takari mai takardar ɗan ƙasa yana da haƙƙi a cikinsu, bai kamata ya ji nauyin shiga ba. Mai zuwa saro kaya ya koma gida kuwa, a Kano ko Damagaram ya kamata ya nemi nasa, wurin wanda ya san kwastan da kuɗin dakon jirgi.

Na mutane shi ne ya yi wuya, ya kuma ƙara wuya a 'yan shekarun nan. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, har da Karantina da Sabil, inda Hausawa suka daɗe da zama. Da can in baƙo ya sauka, kafin ya gama shan shayi ya ji tarihin kowane mai masauki, domin unguwa ba ta rufa wa macuci asiri. Yanzu jama'a sun watsu, fatoma ya koma lambar waya. Ga kuma sababbin malaman ciniki sun cika TikTok da WhatsApp, kowa yana tsaye gaban mota yana cewa a biya kuɗin shiga aji a koyi sirrin saro kaya. Ban ce duka maƙaryata ne ba. Amma ma'aunin nan bai canja ba: a nuna maka ɗalibi ɗaya da ya buɗe rumfa, ka je da ƙafarka ka gan shi, ka tambaye shi ba a gaban malamin ba.

Kada in manta da mata, domin cinikin nan da ake kira Kano-Jidda, na abaya da turare da zinariya da darduma, hannun mata ya daɗe a cikinsa. Wajensu uwar ɗaki ita ce makaranta: ita ke nuna wa ƙaramar 'yar kasuwa wane kanti ne a Balad ke auna zinariya da gaskiya, da yadda ake raba kaya kada nauyi ya cinye riba. A Jidda kanta cikin 2005 aka zaɓi mata biyu, Lama Sulaiman da Nashwa Ɗahir, a hukumar gudanarwar majalisar 'yan kasuwa, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. Tun 2018 kuma mace tana iya yin rajistar kasuwancinta ba tare da sa hannun waliyyi ba.

To, a ce ka gano mutumin, ka ga yaran da ya yaye, ka gamsu. Da me za ka je masa? Yawancin samari da roƙon jari suke fara sallama, nan take kuwa ƙofa ke rufewa, domin attajiri yana jin wannan roƙo sau goma kafin azahar. Malaman tarihi sun kawo cewa sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina cikin 622 hannunsa babu kome, ɗan'uwansa na Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi godiya bai karɓa ba, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya fara da cuku da man shanu, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Mai neman ubangida ya je da ƙaramar tambaya wadda ta nuna ya riga ya taka kasuwa: na ga ana sayar da dabino iri kaza a kan kaza a nan, a Kano kuma kaza, me ya sa masu kaiwa suke kukan asara? Dattijon kasuwa yana jin daɗin irin wannan tambaya. In ya ba ka shawara, ka aikata, ka komo ka faɗa masa abin da ya faru, ko da asara ce. Ka kuma duba abin da kai za ka iya yi masa. Yawancin dattawan nan suna bukatar mai rubuta musu lissafi a kwamfuta, ko mai karanta musu takardar Turanci daga Sin ko Turkiyya. Ta nan ake matsowa kusa da tebur.

In zama ya kai ga ya ba ka kaya ko kuɗi ka juya, sai a faɗi sharaɗi tun ran farko. Malaman fiƙihu sun daɗe da tsara wannan, suna kiransa ƙirali ko mudaraba: kuɗi na mutum ɗaya, wahala ta ɗaya, riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ne ko sulusi, ba wani adadi yankakke ba. In asara ta zo ba da sakacin mai juyawa ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai wahala ya yi asarar guminsa. Yaro da yawa sun shekara suna biyan bashin asarar da shari'a ba ta ɗora musu ba, don dai ba su san wannan ba. A rubuta, a sa shaidu biyu waɗanda ba a gidan suke ci ba. Na san za a ce rubutu tsakanin ɗa da uba rashin kunya ne. Amma ubangida mutum ne, yana iya rasuwa, magadansa kuwa ba su san alkawarin da aka yi a zaure bayan sallar isha'i ba.

A cikin takardar nan ne ya kamata a ambaci shekarun da za a yi, da abin da za a sallami yaro da shi. Shi ma yaron akwai abin da ke kansa ranar fita: ba ya janye wa maigida abokan ciniki, ba ya zagayawa ta baya wurin mai ba su kaya ya karya farashi, in da hali ma ya kafa rumfarsa a wani layi. A kasuwannin da abin ke tafiya daidai, a Jidda ko a Kwari, kayan farko da ke shiga sabuwar rumfa daga ɗakin ajiyar tsohon maigida suke fitowa, bashi, sai an sayar a kawo kuɗi.